Mene Ne "Lap Steel"? Jitar da Ake Kwantarwa a Cinya

Wanda ya fara cin karo da sunan "lap steel" yakan ɗauka jita ce da aka ƙera da ƙarfe. Ba haka abin yake ba. Kalmomin Turanci ne guda biyu, ta farko cinya, ta biyu ƙarfe, amma ƙarfen da ake nufi ba jikin jitar ba ne. Wani ɗan guntun ƙarfe ne mai santsi da nauyi, tsawonsa kamar inci 3, da makaɗi ke riƙewa a hagu yana zame shi a kan tsirkiya. Ita kuwa jitar kwantar da ita ake yi a cinya, fuskarta na kallon sama, kamar yadda almajiri ke kwantar da allo in zai yi rubutu. Hannun dama shi ke tsinkar tsirkiya, galibi da 'yan faratan roba ko na ƙarfe da ake sa wa babban yatsa da yatsu biyu.

Daga nan duk bambancinta da jitar da muka saba gani ya taso. Waccan tana da 'yan ƙarafa da aka gitta a wuyanta. Ka danne tsirkiya a bayan ɗaya, sauti ya fito daidai, ko kunnenka ya ji ko bai ji ba. A lap steel tsirkiya tana can sama, ba ta taɓa katako sam. Inda ƙarfen ya tsaya, nan sautin ya tsaya. Shi ya sa muryarta ke zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba yankewa, kamar mai jan baiti. Duk wanda ya saba sauraron goge ko kukuma zai gane abin nan take, domin su ma ba matakala a wuyansu, kunne da hannu ne ke lalubo sautin.

Asalinta tsibiran Hawai ne. Mutumin da aka fi jingina wa wannan salo shi ne Joseph Kekuku, haifaffen Laie a tsibirin Oahu a 1874, wanda ya fara gwada shi yana yaro wajen 1889. Kiɗan Hawai ya mamaye Amurka bayan babban baje kolin San Francisco na 1915, sai dai jitar tana da rauni ɗaya: muryarta ba ta kai ta fito a cikin taron makaɗa ba. Neman maganin wannan ne ya haifi abin da mutane da yawa ba su sani ba, wato jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa sosai lap steel ce. George Beauchamp ya tsara ta a 1931, aka fara sayar da ita a 1932 daga kamfanin da shi da Adolph Rickenbacker suka kafa. Da alminiyam aka zuba jikinta, ɗan kewayayye da dogon wuya, har aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Shi kansa Leo Fender, shahararren maƙerin jitar lantarki, da irin wannan jita ya fara sana'ar ƙira a tsakiyar shekarun 1940.

Kada a haɗa ta da ƙanwarta, "pedal steel", mai tsayawa da ƙafafu kamar tebur, wadda ake taka wasu fedoji su canza ɗaurin tsirkiya. Ita ce Demola Adepoju ya riƙa kaɗawa a ƙungiyar King Sunny Ade, don haka kunnen ɗan Najeriya ba baƙon wannan murya ba ne.

To, me ya sa masu son ƙera kayan kiɗa da hannunsu ke yawan farawa da lap steel? Amsar tana cikin ma'anar sunan. Tunda yatsa ba ya danne tsirkiya, duk aikin da ke wahalar da maƙerin jita ya faɗi: ba dasa ƙarafan wuya, ba daidaita su, ba sandar ƙarfe a cikin wuya don hana shi lanƙwasa. Katako ɗaya ne mai kauri daga kai har gindi. Shi ya sa ake sayar da ita a ƙunshe, kowane sashe daban, mutum ya haɗa da kansa, abin da Turawa ke ce wa "kit". A ciki za ka tarar da katakon an riga an yanke shi an fafe gurabensa, da maɗauran tsirkiya shida, da 'yan gadoji biyu da tsirkiya ke hawa a kai da gindi, da allon layuka masu nuna inda kowane sauti yake, da maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, da maɓallin ƙara murya, da ramin da ake soka wayar amfilifaya. Katakon kan zama mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, ko wani mai tauri irinsa.

Sauƙin ya ƙare a wurin awo. Layukan nan da ke kan allo ba sa taɓa komai, jagora ne kawai ga ido, amma in suka kauce sun ɓatar da makaɗi gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce layi na 12 ya faɗo daidai tsakiyar tazarar da ke tsakanin gadojin biyu. Tazarar da aka fi amfani da ita inci 22.5 ce, ka ga layi na 12 zai zauna a inci 11.25 ke nan. Mai zana layukansa da kansa yakan raba tazarar da 17.817 ya sami layin farko, ya cire wannan daga tazarar, ya sake raba abin da ya rage da wannan adadi, haka har ƙarshe. Abu na biyu da ba a wasa da shi: saman tsirkiyoyin shida dole ya zama a shafe ɗaya. Kaurinsu ya bambanta, don haka in aka yanka musu gurbi zurfi ɗaya, mai kauri za ta ɗaga ƙarfen, siririya ta riƙa zizar banza a ƙarƙashinsa. Ɗora ƙarfen a hankali kusa da gadar kai, ka tsinka su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi zizar, ita ce ta nutse.

Ni a ganina wurin da aka fi ɓata aiki shi ne gyaran fuskar katako, saboda ɗoki. Mutum ya ƙagu ya ji sauti, sai ya shafa mai a kan katakon da bai gama gogewa ba. Tsarin da ya dace shi ne a fara ɗaura komai a gwada, a huda ramukan sukurori, sannan a kwance a koma kan katako tsirara. Hudawar nan ba ƙawa ba ce. Na ga ɗan sukurun maɗauri ya karye a cikin katako mai tauri don an murɗa shi ba rami, fitar da guntun ya ci yini guda. Sai samfefa: mai lamba 120, sai 220, sai 320, kullum ana bin tsawon jijiyar katako, ba a gitta ta. Kafin gugar ƙarshe a shafa ɗanyen tsumma. In ya bushe ka shafa tafin hannunka, za ka ji katakon da ɗazu yake sumul ya yi kaushi, 'yan gashinsa sun miƙe. Su za ka kwashe da guga mara nauyi, in ba haka ba su miƙe a ƙarƙashin man.

Ga mai farawa na fi son man da ake shafawa da tsumma a kan na feshi. Shafa siriri, a bari ya bushe, a sake, sau da yawa. Na feshi yana ba da ƙyalli kamar madubi, amma yana son wuri mai iska marar ƙura, da haƙurin makonni kafin ya yi taurin da za a goge shi.

Haɗa wayoyi ba shi da yawa, duk mai gyaran rediyo zai yi shi da dalma cikin ɗan lokaci. Waya ɗaya ce ake yawan mantawa, wadda ke tashi daga bayan maɓallin murya ta shiga ƙarƙashin gadar gindi. In babu ita, amfilifaya za ta yi ta gurnani.

Daga nan sai ɗaurin tsirkiya. Ba a ɗaure ta kamar jitar yau da kullum. Ana ɗaure ta ne yadda in ka kaɗa duka shida ba ka taɓa komai ba za su ba da sauti mai jituwa, tunda ƙarfe miƙaƙƙe ne, duka yake hawa lokaci guda. Ɗaurin da ya fi shahara shi ne C6, wato a ɗaure tsirkiyoyin su ba da sautukan da makaɗa ke kira C, E, G, A, C, E daga mai kauri zuwa siririya. In an gama, ɗora yatsa sama-sama a kan tsirkiya daidai layi na 12, ka tsinka, ka ɗage. In awon ya yi, wata siririyar ƙara kamar ta ƙararrawa za ta tashi. In sai ka matsa gaba ko baya kafin ta fito, allon layukan ne ko gadar ke bukatar matsarwa.