Kashe NAT a katangar tsaro da ake sarrafawa daga gajimare

Kashe NAT (Network Address Translation, wato dabarar sauya adireshi) shi ne hana katangar tsaro ta intanet, wadda ma'aikatan sadarwa ke kira fayawol, sauya adireshin kwamfutocin cikin gida kafin saƙonsu ya fita waje. A na'urorin da ake sarrafawa daga gajimare, wato daga manyan kwamfutocin kamfani ta intanet, ba sai an zauna gabansu ake wannan aiki ba. Ana yin sa ta shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ko ta API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta ba wata manhajar umarni ba tare da mutum ya danna komai ba.

Asalin NAT

Adireshin IPv4, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma tun farkon shekarun 1990 aka hango ba zai ishi duniya ba. A watan Mayun 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana dabarar NAT a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1631. A 1996 RFC 1918 ta ware rukuni uku na adireshi don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168 wanda duk mai rauta a gida ya saba gani. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar manyan rukunan da ke hannunta ga cibiyoyin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC ta Afirka da ke Moris.

Aikin NAT kamar gidan haya ne mai ɗakuna ashirin da lamba ɗaya a ƙofa: duk wasiƙar da ta fita lambar gidan take ɗauka, mai gadi ne kaɗai ya san ɗakin da amsa za ta shiga.

Dalilan kashewa

Wannan ɓoyewa tana da amfani a bakin intanet, amma tsakanin ofisoshin ma'aikata ɗaya cikas ce. A ɗauki kamfani mai hedkwata a Kaduna da rassa a Zariya da Kafanchan, an haɗa su da keɓaɓɓen layi irin na MPLS. In katangar reshen Zariya tana yin NAT, sabar hedkwata za ta ga duk ma'aikatan reshen da adireshi guda. Ranar da wata kwamfuta ta kamu da muguwar manhaja, ko aka taɓa lissafin da bai kamata ba, rajistar hedkwata ba za ta nuna teburin da abin ya fito ba. Ita ma hedkwatar ba ta da ikon fara magana da firinta ko kyamarar reshe sai an buɗe mata tasha, wato ƙofar shigar saƙo a katanga, ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin ofis masu aiki da tsarin SIP su ma kan wahala, domin suna rubuta adireshinsu a cikin saƙon kansa, sai a ga waya ta shiga amma ɓangare ɗaya ne ke jin magana. Akwai kuma inda wata na'ura a gaba ta riga ta yi NAT, yin sa sau biyu ƙarin wahala ne kawai.

Ba kowane layi ne ake kashe wa ba. Ofishin da ke hawa intanet da sim na kamfanin waya, ko da Starlink wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, galibi yana bayan wani babban NAT na kamfanin ne, wanda RFC 6598 ta 2012 ta ware wa adireshi masu farawa da 100.64 zuwa 100.127. Kamfanin bai san hanyar komawa 192.168 na wani ofishi a Kakuri ba. Aka kashe NAT a irin wannan layi, intanet ta ɗauke ke nan.

Yadda ake yi ta API

Misalin da aka fi sani shi ne Meraki, wanda aka kafa a 2006 kuma Cisco ya saya a 2012. Katangunsa na jerin MX daga shafin Dashboard suke karɓar saiti. Mai kula da cibiya yakan ciro mabuɗin API daga asusunsa, ya aika buƙatar GET ya karanta saitin da ke aiki, ya gyara shi cikin tsarin rubuta bayanai na JSON, ya mayar da buƙatar PUT. A saitin cibiya akwai gurbin deploymentMode mai zaɓi biyu: routed, inda na'urar ke rarraba hanya tare da NAT, da passthrough, inda take zama gada, tana tace saƙo ba ta sauya adireshi. Akwai kuma tsarin keɓewa da ke cire NAT daga layin fita ɗaya ko VLAN ɗaya, wato wani sashe da aka ware na cibiyar cikin gida, sauran su ci gaba yadda suke. Dashboard tana iyakance kira zuwa 10 a daƙiƙa ga kowace ma'aikata, wanda ya wuce haka sai ta amsa masa da lamba 429, wato kira ya yi yawa. A FortiGate na kamfanin Fortinet kuwa, NAT gurbi ne a cikin kowace dokar katanga, ana mayar da shi disable.

Abin da za a kiyaye

Umarnin kansa layi ɗaya ne. Nauyin aikin yana wajen rautar da ke gaba, wadda dole a rubuta mata hanyar komawa adireshin reshe tun kafin a taɓa komai. Sai dokokin shigowa. NAT ba katanga ba ce, amma yana hana baƙon saƙo isa ciki saboda bai san ɗakin da zai nufa ba, kuma ofisoshi da dama sun jingina da wannan ba tare da sun sani ba. Da zarar an cire shi, abin da aka rubuta a dokokin katanga ne kaɗai ke tsaron gida.

Saurin API shi ne hatsarinta. Rubutun manhajar da zai gyara rassa talatin cikin minti guda zai iya yanke su duka cikin minti guda, kuma na'urar da ta rasa hanyar zuwa gajimare ba ta jin umarnin gyara. Daga nan sai mutum ya kama hanyar Kafanchan da laftof. Shi ya sa ake adana amsar GET ta farko a fayil, a gwada a reshe mafi kusa bayan an tashi aiki, tare da wani a wurin da zai iya shiga shafin na'urar na cikin gida. Mabuɗin API kuma yana ɗauke da duk ikon mai asusun, don haka ba a barinsa cikin rubutun manhaja, ba a tura shi ta WhatsApp.