Me ake nufi da "akshan" a jitar bes, wato jita mai kaurin sauti?

Kwanan nan kusan duk bidiyon da mai sayar da kayan kiɗa zai ɗora a TikTok ko Facebook, sai ka ji ya ce jitarsa "tana da akshan mai kyau". Har na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana yabon wani makaɗi da cewa "akshan ɗinsa ya yi yawa", wai yana nufin kuzarinsa a kan dandali. Da makaɗin ya ji, da ya ɗauka ana ce masa jitarsa na buƙatar gyara.

Wannan akshan ba na fim ba ne. A bakin masu jita, tazara ce kawai: nisan da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan da aka jera a wuyan jita, waɗanda ake kira firet. In tazarar ta yi yawa, sai yatsa ya wahala kafin ya danne. In ta yi kaɗan, tsirkiya ta riƙa gogar ƙarfe tana zuza kamar ƙuda ya shiga kwalba. Shi ke nan ma'anar.

Kuskuren mai rediyo bai dame ni sosai ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na waɗanda suka san ma'anar, amma da zarar tsirkiya ta yi musu nisa da firet sai su ɗauko alanki su nufi rodin da ke cikin wuya, su yi ta murɗawa. Sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Ɗauki misalin baka. Maharbi ya ɗaura tsirkiya, itace ya lanƙwasa. To wuyan bes baka ne da ba a so ya lanƙwasa sosai. Tsawon tsirkiyar bes da aka saba gani, daga inda ta tashi zuwa inda ta sauka, inci 34 ne, tsarin da maƙerin jita Leo Fender ya kafa da jitarsa Precision Bass a 1951. Tsirkiyoyin nan huɗu masu kauri, in an ɗaure su daidai, jan da suke yi wa wuyan ya kai kilo 70 zuwa 80. Ka ƙaddara wani ƙato ne ya rataye a jikin siririn itace, dare da rana, shekara da shekaru. Shi ya sa ake binne rodi a cikin wuyan, yana ja ta baya. Dabarar rodin da ake iya ɗaurewa da sassautawa ta girmi jitar bes ɗin kanta: wani ma'aikacin kamfanin Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistarta a 1921. Aikin rodi ɗaya ne tal, ƙayyade yawan lanƙwasar wuya. Ba a yi shi don ɗaga tsirkiya ko sauke ta ba, ko da yake in an taɓa shi tazarar takan ɗan motsa, kuma wannan ɗan motsin ne ke yaudarar mutane.

Kuma ba a son wuyan ya miƙe sambal. Tsirkiya in ta kaɗa, ta fi yin lilo a tsakiya, don haka sai an bar mata ɗan kwari. Yadda ake dubawa: a danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, sai ita kanta ta zama abin awo, a leƙa tazarar da ta rage a wajen firet na 8. Kamfanin Fender ya ba da shawarar kamar milimita 0.3. Katin ATM ya ninka wannan sau biyu har da ɗoriya, don haka in ya shige ba tare da ya ɗaga tsirkiyar ba, kwarin ya yi yawa. Sai a ɗaure rodin ta hannun dama, rubu'in zagaye kawai, a sake ɗaure tsirkiyoyi daidai, a ba itace lokaci ya zauna. In rodin ya cije, a bar shi. Rodin da ya karye a cikin wuya, wani lokaci kuɗin gyaransa ya fi na jitar.

Sai an gama wannan ake zuwa wurin akshan na gaskiya, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar. Masu goge da garaya suna kiran nasu jaki, kuma ban ga sunan da ya fi wannan dacewa ba, tunda shi ke ɗauke da kaya. A jakin bes kowace tsirkiya da nata sirdin, mai ƙananan kusoshi biyu da ake ɗagawa ko saukewa. A firet na 17, awon da Fender ke farawa da shi a yawancin jitocinsa shi ne milimita 2.4 a gefen mai kauri, 2 a gefen siririya. Bayan nan akwai matsar da sirdi gaba ko baya don sautin firet na 12 ya yi daidai, amma wannan zance ne daban.

Akwai kuma aƙidar nan ta cewa akshan ɗin da ya fi ƙasa shi ya fi kyau, wadda 'yan kasuwa ke yaɗawa don jita ta yi daɗin taɓawa a shago. Ni ban yarda ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin faifan kamfanin waƙa na Motown a Ditiroit cikin shekarun 1960, an san jitarsa da akshan mai yawan da wasu ƙwararru suka kasa kaɗa ta, ga shi kuwa har yau ana kwaikwayon sautinsa. Mai hannu da nauyi in ka sauke masa tsirkiya ƙasa, zuza kawai za ka ji. Mai taɓawa a hankali kuma yana iya sauke tasa ƙasa da awon kamfani, ba abin da zai faru.

Sannan awon da ka yi a watan Agusta ba lallai ya kai ka Janairu ba. Itace na shan laima da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, har ka ji bakin firet na yankar tafin hannu. Jitar da aka saita a Legas aka hau da ita mota zuwa Kano, a ba ta sati guda ta saba da iskar garin kafin a ɗauko mata alanki.