Waiwaye: Daga ina gardamar tallan fina-finan dodanni ta samo asali?

Duk ranar da kamfanin fim na Legendary na Amurka ko Toho na Japan ya saki tallan sabon fim ɗin Godzilla, kafin gari ya waye an yayyanka shi ana turawa a WhatsApp da TikTok. Da hantsi musu ya riga ya kai rumfunan masu cajin waya da masu tura fim a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Wannan ya ce dodon ya yi ƙiba. Wancan ya ce, "Malam, ni fa duhu kawai na gani." Na uku ya ce tafiyar ba nauyi, kamar katun ɗin yara. Babu ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen nan da aka fara a Legas. Kowanne da shekarar da ya taso, kuma mafi yawansu suna da dalili na sana'a wanda za a iya aunawa.

An fara ne a Amurka a 1933 da King Kong na kamfanin RKO. Goggon birin nan ɗan mutum-mutumi ne mai tsayin kusan santimita 45, ƙarfe a ciki, roba da gashin zomo a waje. Willis O'Brien da mutanensa kan ɗan motsa shi, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa, a sake ɗauka, sai an tara hoto 24 kafin a samu daƙiƙa ɗaya. Wanda ya lura zai ga gashin birin yana ta rawa, sawun yatsun masu motsa shi ne.

Japan ta bi wata hanyar a 1954. Toho ba ta da lokacin wannan aikin haƙuri, sai Eiji Tsuburaya ya sa aka ɗinka rigar dodo mai nauyin kusan kilo 100, aka saka Haruo Nakajima a ciki yana tattake ƙaramin birnin Tokiyo da aka gina kashi ɗaya cikin 25 na girman gaskiya. Zafin cikin rigar ba ya barin mutum ya wuce 'yan mintuna. Labarin kuwa ba na nishaɗi ba ne. A watan Maris na shekarar, tokar gwajin bam ɗin nukiliyar Amurka a tsibiran Bikini ta zubo wa wani jirgin masuntan Japan mai mutum 23, ɗayansu ya rasu bayan wata shida. Fim ɗin da Ishiro Honda ya ba da umarni ya fito ranar 3 ga Nuwamba, shekara tara bayan Hiroshima. Ga mutanen da suka cika sinimomi a lokacin, dodon nan bam ne mai ƙafa.

Nan masoya suka fara rabuwa gida biyu, har yau kuma ba su haɗe ba. Akwai masu son Godzilla ya zama masifa, a gan shi jefi-jefi, a ji tsoro. Akwai masu son dambe, waɗanda Toho ta fara yi wa fim tun 1955, sannan ta haɗa Godzilla da King Kong a 1962. Har yanzu za ka ji ana cewa fim ɗin 1962 ƙarshe biyu gare shi, a Japan Godzilla ya ci, a Amurka Kong. Ba haka ba ne. A duka biyun Kong ne aka ga ya fito daga teku yana iyo.

Maganar nauyi ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ƙorafin da mai kallo yake ji a jikinsa ko da bai iya bayani ba. Dutse in ya faɗo daga tsayin mita 2, bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya taɓa ƙasa. Daga mita 100 kuwa sai ya ɗauki kusan daƙiƙa huɗu da rabi. Ido ya saba da wannan tun yarinta, don haka da saurin faɗuwar abu yake gane girmansa. Shi ya sa masu ɗaukar ƙananan gine-gine suke ƙara wa kyamara gudu, su dawo su nuna a hankali. Ƙa'idar lissafin ita ce, in an rage girma sau 25, gudun kyamara ya ninka sau 5, wato hoto 120 a daƙiƙa maimakon 24. In aka gaza haka sosai, bene zai ruguje kamar kwali, ruwa ya fantsama da manyan ɗigo, asiri ya tonu. Kwamfuta ba ta soke wannan ƙa'ida ba. Godzillar Amurka ta yanzu tsayinta kusan mita 120 ne, ka ce bene mai hawa 35 zuwa 40, wato ta kusa kamo benen NECOM na Marina mai mita 160 har da ƙarfen samansa. Halitta irin wannan in ta ɗaga ƙafa ta sauke cikin rabin daƙiƙa, ido zai ce mutum ne cikin riga, ko nawa aka kashe wajen zanen.

Rikicin talla na farko mai girma ya zo a 1998, lokacin da kamfanin TriStar na Amurka ya yi nasa Godzillar da Roland Emmerich. Dabarar da suka bi ita ce ɓoyewa. A somin-taɓin farko ƙafa kawai aka nuna ta fasa rufin gidan tarihi ta murƙushe ƙasusuwan wata tsohuwar dabba, allunan tituna kuma girman sassan jikinsa kaɗai suke faɗa. Mutane suka ɗora rai. Da fim ya fito sai ga wani siririn ƙadangare mai gudu, yana tsere wa sojoji, a ƙarshe makamai masu linzami suka kashe shi. Masoya suka ce suna kawai ya ara. Ita ma Toho da ta sako shi a fim ɗinta na 2004 ta gajarta sunansa zuwa Zilla, ta sa Godzillarta ta gama da shi cikin 'yan daƙiƙu. Tun daga nan duk tallan da ya ɓoye dodo ana yi masa kallon tuhuma.

Amma ɓoyewar ba laifi ba ce a kanta. A tatsuniyarmu ma muryar Dodo ake fara ji daga bayan gari, kuma ita ta fi sa yara matsowa jikin kaka. A Yulin 2007 an haska wani talla gabanin fim ɗin Transformers, ba suna, sai ranar fitowa da kan gunkin nan na 'yanci na New York yana gangarowa kan titi. Wata shida intanet tana hasashe kafin fim ɗin, mai suna Cloverfield, ya fito a Janairun 2008, kuma dabarar ta ci. Bambancinta da ta 1998 shi ne babu wanda ya riga ya san kamannin wannan dodo balle ya ce an ɓata masa shi.

Fim ɗin Godzilla na 2014, wanda Gareth Edwards ya yi, ya kawo sabon ƙorafi. Somin-taɓinsa na Disambar 2013, inda sojoji ke dirowa daga jirgin sama cikin jan hayaƙi suna ratsa gajimare, yana cikin mafi kyawun da aka taɓa yi, kuma ya cancanci yabon da ya sha. Sai dai tallan da suka biyo baya sun jingina da ɗan wasa Bryan Cranston, alhali a fim ɗin ya mutu tun ba a yi nisa ba. Godzilla kuma bayyanarsa duka ba ta wuce minti goma da ɗoriya ba cikin awa biyu. Wasu masoya a Japan suka ƙara da cewa ya yi ƙiba. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500, amma mutane sun koyi cewa wanda talla ya sa a gaba ba lalle shi ne jigon labari ba. Dalilin kuwa a fili yake: galibi wasu kamfanoni daban ne ke yanka talla, aikinsu su sayar da tikitin makon farko cikin minti biyu zuwa biyu da rabi.

A 2019 aka amsa kiran masu son dodanni da yawa, aka zuba Mothra, Rodan da Ghidorah. Tallan ya burge ƙwarai, fim ɗin kuma bai kai dala miliyan 400 ba. Babban kukan shi ne faɗace-faɗacen duk cikin dare, ruwan sama da hayaƙi. Masu haɗa hoto suna son waɗannan abubuwa don dalili biyu: hazo tsakanin kyamara da dodo yana nuna nisa da girma, duhu kuma yana rufe inda zane bai kammala ba. In aka cika shi sai mai kallo ya rasa wa ya bugi wa.

Tallan Godzilla da Kong na ranar 24 ga Janairun 2021 ya gyara wannan, aka yi faɗa da rana a kan jirgin ruwan yaƙi. Shi ne kuma ya fi shiga bakin jama'a a nan, don tambayarsa kowa ya gane ta: wa zai ci? Masu bayan Kong suka ce yana da hannu, da wayo, da gatari. Masu bayan Godzilla suka ce wutar bakinsa ta isa. Masu lissafi suka tambayi yadda birin da yake kusan mita 32 a fim ɗin Kong na 2017 ya koma sama da mita 100, amsar kuwa tana cikin wancan fim ɗin, wanda labarinsa ya faru a 1973 kuma aka ce birin bai gama girma ba. Masu tsayar da hoto ɗaya-ɗaya har sun hango alamar Mechagodzilla, wato Godzillar ƙarfe, tun kamfani bai sanar ba.

Ƙarshen 2023 ne gidajen biyu suka yi karo kai tsaye. A Nuwamba Toho ta saki Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki, dodo mai mita 50, mai tafiya a hankali, cikin Japan ɗin bayan yaƙi. Mutum 35 suka haɗa hotuna 610 na kwamfuta da kasafin da bai kai dala miliyan 15 ba, kuma a Maris ɗin 2024 suka ci kyautar Oscar ta wannan fanni. A Disamba kuma tallan Godzilla x Kong ya nuna Godzilla da ƙayoyin baya masu launin hoda yana sheƙa gudu kafaɗa da kafaɗa da Kong. Masu cewa gudun ya kashe nauyi suna da gaskiya bisa lissafin da ya gabata. Inda aka yi gudun ma babu gini ko mutum da ido zai auna da shi. Duk da haka fim ɗin ya wuce dala miliyan 500, wanda ke nuna masu son dambe ba su da kaɗan.

Abin da ya sa musun Legas ya ɗan bambanta shi ne inda ake kallon. Garin nan ne aka fara haska fim a Najeriya, a zauren Glover a 1903, kuma Agege kanta ta yi zamanin Pen Cinema da Danjuma, inda ake cika don fina-finan Indiya da na 'yan Cana. Bidiyo da matsin tattalin arziki suka kashe su, Pen Cinema ta koma sunan mahaɗa da gadar sama. Sinimar zamani ta dawo da Silverbird a Victoria Island a 2004, ƙaton allon IMAX ya zo Lekki a 2016. Ga mai rumfa a Mile 12, zuwa can yini guda ne da kuɗin mota da na tikiti. Saboda haka hukuncin yawancinmu a kan waya yake faɗuwa, kuma waya tana zaluntar irin wannan fim fiye da kowane iri.

Na farko, matsewa. Talla mai minti biyu da rabi a hoto mai tsabta (1080p) yana cin kimanin megabait 50 zuwa 80, a mai ƙarancin tsabta (360p) kuwa 10 zuwa 15, kuma in aka ɗora shi a WhatsApp sai an ƙara matse shi. Manhajar matsewa tana adana abin da ya canza ne daga hoto zuwa hoto. Ruwan sama, hayaƙi da tartsatsi kuwa kowane ɗigo canzawa yake, sai ta gaza, duhu ya koma dabbare-dabbare. Da yawa daga cikin masu cewa ba su ga komai ba, kwafin da aka matse suka kalla. Sai yankewa: hoton sinima faɗinsa ya ninka tsayinsa kusan sau biyu da rabi, in aka yanke shi ya tsaya a tsaye don TikTok, sama da kashi uku cikin huɗu na faɗin ya tafi, tare da benaye da mutanen da aka ajiye a gefe don su nuna girman dodon.

Sauti ya fi duka asara. Kukan Godzilla na asali Akira Ifukube ne ya samar da shi, ta hanyar goga safar hannu ta fata mai ƙaro a kan tsirkiyar wani ƙaton goge na Turawa, aka rage masa gudu. Takun ƙafa da rugugin da ke girgiza ƙirji a sinima suna tsakanin hez 20 da 120 ne, wato sauti mafi kauri, lasifikar waya kuwa ba ta fitar da su ko kaɗan. Abin kunne mai arha ma yana dawo da kaso mai yawa.

Akwai kuma abin da talla ba zai iya faɗa ba. Yana fitowa wata uku zuwa shida kafin fim, lokacin da ba a gama haske, ƙura da launi a hotuna da yawa ba, wasu ma ba za su shiga fim ɗin ba. Hayaniyar masoya takan yi tasiri a wannan tsakanin, kamar yadda aka sake zanen Sonic, bushiyar wasan bidiyo, bayan tallan 2019 har aka ɗage fim ɗin zuwa Fabrairun 2020, amma irin haka ba ta cika faruwa ba, don sake zanen dodo yana nufin sake ɗaruruwan hotuna.

Sabuwar matsalar ita ce tallan jabu da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, wanda ya yi yawan da a 2025 YouTube ta hana wasu manyan tashoshin da ke yin sa kuɗin talla. Irinsa ne ya fi yawo a rumfunan turi, kuma ana ɓata awa guda ana musu a kan fim ɗin da babu shi. Gane shi ba wuya. A duba ko tashar Warner Bros., Legendary ko Toho ce ta ɗora, a nemi ranar fitowa da sunayen ma'aikata a ƙarshe, sannan a tsayar da hoto a wuri biyu a ƙirga yatsu da ƙayoyin baya. A na jabu adadin yana canzawa daga wannan hoto zuwa wancan, kuma da wuya ka ga dodon ya taɓa gini ginin ya ruguje a cikin hoto ɗaya ba tare da an yanke ba.