Horar da yara ƙwallon ƙafa: tambayoyin da iyaye da sababbin kociyoyi suka fi yi

A Kano, Kaduna, Jos ko Maraɗi, da wuya a sami filin makarantar firamare da yara ba sa cika shi bayan sallar la'asar, da wani matashi rataye da usur a tsakiyarsu. Shi ne koci. Galibi ba shi da albashi, sau da yawa ma daga aljihunsa ake sayen ƙwallo da ruwan leda. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan aikinsa.

Dole sai mutum ya taɓa buga wa babban kulob kafin ya horar da yara?

A'a. Iya taka leda daban, iya koyar da ita daban. Arrigo Sacchi bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, amma ya ci wa AC Milan kofin Turai a 1989 da 1990. Tsohon ɗan wasa ma yakan gaza da yara, domin abin da ƙafarsa ta saba yi ba tare da tunani ba, yana mamakin yadda yaro ɗan shekara tara ya kasa yin sa, sai ya hau faɗa.

Abin da ake buƙata shi ne haƙuri da ilimin aikin. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, tana da lasisin koci mataki-mataki, daga D zuwa C, B, A har zuwa na ƙwararru, kuma hukumomin ƙasashe irin su NFF ne ke shirya kwasa-kwasan. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas. Mai horar da yaran unguwa, matakin farko ya ishe shi farawa.

Shekara nawa ya kamata yaro ya fara, kuma me za a koya masa?

Da zarar ya kai shida ko bakwai zai iya shiga, amma abin da ya dace da shi wasa ne, ba atisayen manya ba. A nan ne kociyoyinmu da yawa suke kuskure, don haka bari mu ɗan tsaya.

Je ka kalli yadda ake yi a filaye da dama. Yara talatin sun yi layi ɗaya, ƙwallo ɗaya tak, koci yana gangaro ta, na gaba ya buga raga ya koma baya. Kafin layi ya sake zagayowa kansa an yi minti biyar, na bayansa suna ta tsokanar juna, ƙaramin cikinsu ya tsuguna yana zane a ƙasa. Daga nan a ce su zagaya fili sau goma, sai a raba su goma sha biyar-goma sha biyar a babban fili, inda yaro zai iya gama wasan bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Ya gaji, ya yi gumi, ya koma gida bai koyi komai ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A raba filin gida huɗu, a aza duwatsu ko silifa a matsayin raga, a yi huɗu da huɗu ko biyar da biyar. Ƙwallo huɗu ake nema, ko da biyu daga ciki masu faci ne. A ƙaramin fili ba wurin ɓuya: dole yaro ya karɓi ƙwallo, ya yanke, ya ba da fasin, ya dawo ya tare. Tunanin wasa daga nan yake fitowa. Girman ƙwallon ma da muhimmanci: lamba 3 ga ƙanana, lamba 4 ga masu shekara takwas zuwa goma sha biyu, lamba 5 sai sun haura haka. Yaro ɗan bakwai da aka ba ƙwallon manya da kan yatsa zai riƙa zungurarta, don ƙafarsa ba ta da ƙarfin da ya wuce haka, kuma ɗabi'ar tana da wuyar bari.

Kada kuma a yi saurin ɗaure yaro a wuri ɗaya. Al'adar nan ta tura mai jiki ko wanda bai iya ba zuwa raga, a ce "kai ne gola", ta kashe wa yara da yawa sha'awa. Kafin shekara goma sha biyu kowa ya ɗanɗana baya, tsakiya, gaba da raga. Batun tsallen kwaɗo da bulala a matsayin horo kuwa, ba su da gurbi a fili.

Gaskiya ne buga ƙwallo da ka yana cutar da yara?

Akwai dalilin yin hattara. Wani bincike da Jami'ar Glasgow ta fitar a 2019 ya gano cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan wasan Scotland sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Amurka ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa kai tun 2015, Ingila kuma ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara a 2024. Ba asarar da yaro zai yi idan ya jira. Wanda kuma ya yi karo da ka har ya ga jiri, a fitar da shi, kada ya koma wasa ranar.

Najeriya ta fi kowa cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Wannan ba shaida ba ce cewa horon yaranmu yana kan hanya?

Kofunan gaskiya ne, biyar ne: 1985 a Sin, 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ƙarƙashin Manu Garba, da 2015 a Chile, inda Victor Osimhen ya ci ƙwallo goma. Daga cikin waɗannan tawagogi an sami irin su Nwankwo Kanu, Kelechi Iheanacho da Osimhen ɗin, waɗanda suka yi nisa. Amma Super Eagles ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a kofin duniya na manya ba. A can ta tsaya a 1994, 1998 da 2014.

Ɗaya daga cikin dalilan kowa ya san shi, ko da ba a son faɗa: rage shekaru. Har suna ake yi masa, a ce wane yana da "shekarun ƙwallo" da shekarun gaskiya. Tun 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar aka buga wasanni a Kano, Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu. Akwai wani guringuntsi a ƙarshen ƙashin wuyan hannu da ke rufewa idan girma ya kammala. Idan hoton ya nuna ya rufe ruf, kusan tabbas ne mutum ya wuce 17. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar. Nijar ta fitar da Najeriya, ta kuma kai har kofin duniya na 2017 a Indiya, karo na farko a tarihinta.

To amma ɓarnar ba a Abuja take farawa ba, a gasar unguwa take farawa. Koci yana son kofi, sai ya ɗauko saurayi ɗan goma sha tara ya aske masa gemu ya sa shi cikin 'yan goma sha biyar. Saurayin zai yi ta ture yara yana ci, ba don ya fi su iyawa ba, kuma ba abin da zai ƙaru da shi tunda ba ya haɗuwa da sa'anninsa. Ɗan goma sha huɗun gaskiya kuma yana benci, har ya gaji ya daina zuwa. An yi asarar mutum biyu saboda kofin da ƙura za ta rufe a shagon koci. Uban da ke son taimakon ɗansa ya karɓar masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana ƙarami, ya kuma ƙi yarda kowa ya sake masa wata.

Wani ya ce zai kai ɗana gwaji Turai idan na biya kuɗin biza da jirgi. In biya?

Alhaji, riƙe kuɗinka. Sashe na 19 na dokokin sauya sheƙa na FIFA ya hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi, misali idan iyayensa ne suka ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Dokar ba ta wasa ba ce: an hukunta Barcelona a kanta a 2014, an hukunta Chelsea a 2019. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Idan wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya ya jira, wace ƙofa ce dillalin nan zai buɗe wa ɗan shekara goma sha biyar?

Kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke aiko da takardar gayyata, shi ke biyan jirgi da masauki. Wakilin gaskiya kuma yana da lasisin FIFA, ana iya duba sunansa a shafin hukumar. Iyalai da yawa sun sayar da fili ko gona, yaro ya ƙare a wani ɗaki a baƙuwar ƙasa, biza ta ƙare, kunya ta hana shi dawowa.

Idan yaron ya yi suna, kocin da ya raine shi yana da wani haƙƙi?

Ƙungiyar tana da shi, idan an yi aikin takarda. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. A ce an sayar da shi Yuro miliyan goma: ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 rabonta kashi ɗaya ne cikin 100, wato Yuro dubu ɗari. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista a hukumar ƙwallo, sunan yaron kuma yana rubuce a ƙarƙashinta a waɗannan shekaru. "Ai kowa a unguwa ya san ni na koya masa" ba hujja ba ce a wurinsu. A nan ma rage shekaru yana cin mai yin sa, don yana rikita lissafin shekarun da za a biya.

Yaya za a haɗa ƙwallo da boko da Islamiyya?

Koci ne zai bi jadawalin yaro. Idan Islamiyya bayan la'asar ce, a mayar da atisaye ranakun Alhamis da Juma'a da safiyar Asabar ko Lahadi, gwargwadon tsarin garin. Sau uku a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya wadatar. A tashi kafin kiran magariba. Ba abin da ke sa uwa ta hana ɗanta zuwa fili kamar ya riƙa shigowa gida bayan an idar da salla, jiki duk ƙura. Kocin da ke neman ganin sakamakon jarrabawa kafin ya ba yaro jesi, iyaye da kansu za su riƙa kawo masa 'ya'yansu.

A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a riƙa tsayawa shan ruwa a kai a kai. Da azumi a sassauta, ko a koma bayan buɗa-baki. A kuma tambayi iyaye tun ranar farko ko yaro yana da sikila, asma ko ya taɓa suma. Waɗanda suka manyanta suna tuna yadda ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu ana cikin wasa a filin wasa na Legas a 1989.

Yara mata fa?

Super Falcons ta ci kofin Afirka sau goma, na baya-bayan nan a Maroko a 2025, kuma akwai ƙungiyoyin mata a Arewa irin su Nasarawa Amazons. Tun 2014 dokokin wasa suka amince a buga da ɗankwali ko hijabi. Abin da iyaye suka fi nema shi ne fili mai kamun kai, sutura, da mace cikin masu horarwa, kuma buƙata ce mai ma'ana.

Mafi yawan yaran nan ba za su zama ƙwararru ba. To me aka ci?

Haka ne, kuma kocin kirki yana faɗa wa iyaye wannan tun farko. A ƙungiyar yara talatin, ba mamaki ko ɗaya ba zai ci abinci da ƙwallo ba. Sauran su ne za ka gani nan da shekara ashirin, direba da tela da malamin makaranta, suna haɗuwa safiyar Lahadi su buga tamaula, su ne ke cika filin Sani Abacha suna "Sai masu gida!", daga cikinsu ne kuma kocin gaba zai fito. Ko za su ci gaba da bugawa ko za su tsaya a gidan kallo suna musun Madrid da Barcelona, ya danganta da yadda aka yi da su tun suna goma. Yaro ba ya barin ƙwallo don an ci ƙungiyarsu. Yana barin ta ne don an zage shi gaban abokansa, ko ya yi wata uku yana ɗaukar jarkar ruwa ba a sa shi ba.

A Norway doka ce ta wasanni cewa ba a fitar da jerin wane ne na ɗaya, wane ne na ƙarshe ga yaran da ba su kai 11 ba. Erling Haaland ya tashi a ƙaramin garin Bryne cikin rukunin yara kusan 40 ƙarƙashin koci Alf Ingve Berntsen, wanda bai kori kowa don rashin iyawa ba. Masu son ƙarin atisaye aka ƙara musu, sauran suka ci gaba da zuwa yadda suke so, kuma mafi yawansu ba su bar ƙungiyar ba har suka girma.