Taurin hanta: me ya sa jini ke zuba, kuma yake yin guda?

Tambaya: Ta yaya mutum ɗaya zai yi fama da zubar jini da gudan jini?

Amsa: Hanta ce ke haɗa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, ita ce kuma ke haɗa masu hana shi daskarewa. Idan ta taurare, ko ta dalilin ciwon hanta nau'in B ko giya, duka biyun raguwa suke yi, abu kaɗan sai ma'auni ya rinjaya gefe guda. Shi ya sa gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, ke yaudara: yana iya hawa, a ɗauka jini ya tsinke, alhali guda na toshe babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta.

Tambaya: To, aman jinin da masu taurin hanta kan yi, daga ina yake fitowa?

Amsa: Galibi matsin jini ne a cikin jijiyoyi, ba tsinkewar jini ba. Jini ya rasa hanya ta cikin hanta, sai ya koma ƙananan jijiyoyin ƙasan maƙogwaro, su kumbura, bangonsu ya yi siriri. Wata rana ɗaya ta fashe. Wani zai cika roba da jini, wani kuwa ba amai, sai baƙin kashi kamar kwalta mai wari, da jiri idan ya miƙe. Duka biyun na gaggawa ne. Kada a tsaya jiƙa magani a gida.

Tambaya: Me ake yi a asibiti?

Amsa: Allurar rage matsi irin terlipressin ko octreotide, da ceftriaxone gram 1 kullum don hana ƙwayoyin cuta, sannan a zura na'urar hangen ciki cikin awa 12 a ɗaure jijiyoyin da 'yar roba. Ƙarin jini kuwa da taka-tsantsan ake yi, yawanci sai haemoglobin, wato ma'aunin yawan jini a gwaji, ya sauka ƙasa da 7. Dangi kan matsa a ƙara leda bayan leda, amma cika jijiya na ƙara matsin, jinin ya sake ɓallewa.

Tambaya: Akwai rigakafi?

Amsa: Magungunan rage matsin, propranolol ko carvedilol, kullum, idan likita ya rubuta. A guji ibuprofen, diclofenac da asfirin na kemis, suna ƙwaƙule ciki su lalata ƙoda. Parasitamol ya fi sauƙi, kada ya wuce gram 2 a rana.

Tambaya: Za a iya ba mai gudan jini maganin tsinka jini?

Amsa: Ana bayarwa, amma sai an fara duba jijiyoyin maƙogwaro an shawo kansu.