Tambayoyi kan Casgevy, maganin sikila da ake yi ta hanyar gyaran ƙwayar gado

Tun ƙarshen shekarar 2023 labari yake yawo cewa an samo maganin sikila, kuma iyayen da suka kwana a asibiti da yaro yana murƙususu saboda ciwon ƙashi suna da haƙƙin su ji bayanin dalla-dalla. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Da gaske ne an samo maganin?

Da gaske ne. Sunansa Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka haɗa shi. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da shi ranar 16 ga Nuwamba, 2023, ta Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba, don masu shekara 12 zuwa sama da ciwon yake yawan tasar musu. Shi ne magani na farko da aka amince da shi wanda ya dogara da CRISPR, fasahar gyaran ƙwayar gado, wadda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana a 2012, suka kuma sami lambar yabo ta Nobel a kanta a 2020. Sai dai ba ƙwaya ba ce ta haɗiya, ba kuma allura ba ce da za a saya a kemis. Daga jinin mara lafiyar ake haɗa shi, kuma na wani ba ya yi wa wani.

Mene ne ainihin abin da ya lalace a jikin mai sikila?

Harafi ɗaya tak a cikin rubutun DNA na ƙwayar gadon da ke ƙera himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wannan harafin yana sa a ƙera himogulobin S. Da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne da 'yan uwansa su zama dogayen tsinkaye, ƙwayar jinin ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje. Irin wannan ƙwayar tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, abin da ke kawo azabar ciwo ke nan. Kuma ba ta daɗewa: lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke fitowa.

To harafin ake gyarawa?

A'a, ta bayan gida aka biyo wa cutar. Jariri a ciki yana amfani da wani himogulobin dabam, na F, wanda ba ya lanƙwashewa, yana ma hana na S mannewa. Shi ya sa jaririn da aka haifa da SS yake zuwa lafiya ƙalau, sai ya kai wajen wata biyar ko shida sannan a fara ganin kumburin bayan hannu da na ƙafa. A waɗannan watannin ne jiki yake kashe na F ya koma na manya.

Makunnin da ke kashe shi wata ƙwayar gado ce mai suna BCL11A. Casgevy yana aika sinadarin Cas9, wanda yake aiki kamar almakashi, tare da ɗan guntun jagora da ke nuna masa wurin yanka. Ba a lalata BCL11A gaba ɗaya, domin jiki yana buƙatarta a wasu ayyukan. Ana yanka gurbin da ke kunna ta a cikin ƙwayoyin da za su zama jan jini ne kawai. Idan makunnin ya mutu, sai himogulobin F ya dawo, kuma a gwajin da aka yi ya kai kashi 40 cikin ɗari ko fiye na himogulobin ɗin marasa lafiyar. Dabarar ba daga sama ta faɗo ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa masu sikila da yawa a gabashin Saudiyya da Indiya, waɗanda na F ɗinsu ba ya raguwa sosai, ciwon yakan zo musu da sauƙi.

Yaya ake yin aikin, daga farko har ƙarshe?

Aikin yakan cinye watanni da dama, wani lokacin har kusan shekara.

Da farko ana dakatar da hydroxyurea, ƙwayar maganin da masu sikila suke sha kullum, a riƙa yi wa mara lafiya musayar jini na aƙalla mako takwas, har himogulobin S ya sauka ƙasa da kashi 30. Sannan a yi masa allurar plerixafor, wadda take koro uwayen ƙwayoyin jini, wato waɗanda suke haifar da sauran ƙwayoyin jini, daga ɓargo zuwa cikin jijiyoyi. Akwai wata allurar mai suna G-CSF da ake amfani da ita wajen wasu marasa lafiya don wannan aikin, amma ba a ba mai sikila ita, saboda tana iya tayar masa da ciwo mai tsanani. Daga nan a haɗa shi da na'ura: jini ya fita ta wata roba, na'urar ta tsame uwayen ƙwayoyin, sauran ya koma jiki ta wata robar. Zaman awanni ne, kwana biyu ko uku a jere. Sau da yawa abin da aka tara ba ya isa, sai a huta makonni a sake. Ana kuma ware wani kaso a daskarar ba tare da an taɓa shi ba, domin idan gyararrun suka ƙi kamawa a mayar masa da nasa na asali.

Ana kai ƙwayoyin masana'anta, a yi musu ɗan bugun lantarki don fatarsu ta buɗe almakashin ya shiga, a gwada ingancinsu, a daskarar. Wannan matakin kaɗai yana iya kai wata shida.

Sai mataki mafi nauyi. Ana kwantar da mara lafiya a ba shi busulfan ta jijiya kwana huɗu. Maganin daji ne mai ƙarfi, aikinsa shi ne share tsohon ɓargo don sabon ya sami wurin zama. Bayan aƙalla awa 48, sai a narkar da gyararrun ƙwayoyin a ɗura su ta jijiya kamar ƙarin jini. Da kansu suke nemo hanyar ɓargo. Kafin su fara samar da fararen ƙwayoyin jini ana kai kimanin wata guda, don haka zaman asibitin yakan kai mako huɗu zuwa shida a keɓantaccen ɗaki.

Ina haɗarin yake?

Mafi yawansa daga busulfan yake, ba daga almakashin ba. A makonnin da jiki ba shi da garkuwa, ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko ji ta ba tana iya kashe mutum. Baki da maƙogwaro suna ɗayewa har haɗiyar yawu ta gagara, gashi yana zubewa, ƙwayoyin da ke tsayar da jini suna ƙarewa sai an yi ta ƙarawa, hanta ma tana iya taɓuwa. Babban abin da ya kamata iyali su tattauna tun kafin a fara shi ne haihuwa: busulfan yana iya kashe ta har abada, ga mace da namiji. Shi ya sa ake ba da shawarar a ajiye ƙwai ko maniyyi tun da wuri.

Akwai kuma fargabar almakashin ya yanka inda ba a nufa ba, don haka ake bin diddigin waɗanda aka yi wa har shekara 15. Lyfgenia, wani maganin da Amurka ta amince da shi rana ɗaya da Casgevy amma ta hanyar cusa sabuwar ƙwayar gado, yana ɗauke da babban gargaɗi game da cutar dajin jini.

Waɗanda aka yi wa sun warke?

A bayanan da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da ciwo mai tsanani ya tashi ba. Mutane ne da a baya yake tasar musu aƙalla sau biyu a shekara. Amma ɓarnar da ta riga ta faru tana nan: kan ƙashin ƙugu da ya mutu ba ya farfaɗowa, haka illar shanyewar ɓarin jiki. Kuma ɓargo kaɗai aka gyara, ba ƙwai ko maniyyi ba, saboda haka mai SS da aka yi wa zai ba duk ɗan da ya haifa S. Gwajin jini kafin aure bai faɗi a kansa ba.

Da me ya bambanta da dashen ɓargo?

Dashe ya girme shi da shekaru, an ma yi na farko a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Matsalarsa samun wanda ya dace: kowane ɗan uwa shaƙiƙi damarsa ɗaya ce cikin huɗu, kuma dole kada shi ma ya zama SS. Ɓargon wani kuma yana iya juyowa ya yaƙi jikin da aka dasa shi. Casgevy ya kauce wa waɗannan biyun tunda ƙwayoyin mutum ne da kansa.

Zai iso mu?

Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ban da kuɗin asibiti. Najeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara. Ko da kuɗin ya sauka, sai an sami ɗakin dashe, da ma'ajiyar jini mai wadata, da wutar da ba ta ɗaukewa. Don haka masu bincike suke neman hanyar aika almakashin cikin jiki kai tsaye ba tare da busulfan ba. A 2025 likitoci a Filadelfiya sun yi wa wani jariri mai cutar gado ta hanta gyara a cikin jikinsa ta hanyar ɗura magani. Sai dai hanta tana tsotse irin wannan maganin cikin sauƙi, ɓargo kuwa ya fi wuyar kaiwa.

Wane sabon bincike ne zai amfani yaranmu yau?

Na hydroxyurea, ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana, wadda ita ma himogulobin F take ɗagawa, ko da yake ba ta kai Casgevy ba. Binciken REACH da aka yi a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, aka wallafa a 2019, ya nuna ta rage tashin ciwo, ƙarin jini da mutuwa, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi.

A Kano da Kaduna kuma an yi binciken SPRING kan yara 220 masu shekara 5 zuwa 12. An zaɓo su ne da na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Yaron da gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An ba wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Ba a ga bambanci tsakanin ɓangarorin biyu wajen shanyewar jiki ba, amma masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Likita ne yake yanke adadin bisa nauyin yaro, kuma dole a riƙa ƙidaya ƙwayoyin jini lokaci-lokaci, domin idan ya yi yawa yana danne ɓargo. Amfaninsa yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya bayyana, kuma a nan iyaye da yawa suke gajiya su daina. Macen da take shirin ɗaukar ciki ta sanar da likitanta tukuna. Hydroxyurea kuma ba ta maye gurbin rigakafi, gidan sauro da yawan shan ruwa. Yaro mai sikila da zafin jikinsa ya kai digiri 38.5, a ranar ake kai shi asibiti, ba a jira gari ya waye.