Masu duba-gari a Garwa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu tambayoyin nan suke dawowa, iri ɗaya, daga bakin mutanen da na amsa wa bara. Ina cikin kwamitin lafiya na unguwarmu a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Ni ba ma'aikacin meri, wato ƙaramar hukuma, ba ne, ba na yanke tara, ba na yafe ta. Ga amsoshin wuri ɗaya, don a bar tare ni a ƙofar masallaci.

Su wane ne masu duba-garin nan, wa ya aiko su?

Meri. Kowace meri tana da sashen tsafta, wanda kuke ji ana kira sabis dijiyen. Tun 2007 aka raba Garwa gida uku, ta ɗaya, ta biyu da ta uku, kowace da merinta, sai kuma babbar merin da ta game birnin duka. Ba jandarma ba ne, ba kuma daga asibiti suke ba. San merin da unguwarka take ƙarƙashinta kafin ka ɗauki ƙafa, kada ka kai kuka inda ba a san ka ba.

Na ba su jaka biyu a hannu, ba su ba ni takarda ba. Na biya tara ke nan?

A'a, Alhaji, kyauta ka yi. Tara tana shiga asusun meri ne, kuma a ba ka kitansi, wato rasit, mai hatimi. Abin da ba takarda ba a biya shi ba, wata mai zuwa wani zai zo ya ga kwatar nan yadda take, ka sake sa hannu aljihu. Kuma wa ya ce maka ma daga meri suke? Ka ga katin aikinsu? Duk mai riga da littafi a hammata ba shi ne hukuma ba.

Nawa ne tarar?

Majalisar kowace meri ce ke yanke tata. Ka ce a nuna maka a rubuce.

Suna iya shiga gidana ba na nan?

Abin da suke dubawa sananne ne: masai, kwata, rijiya, inda ake tara shara, inda aka ɗaure dabbobi. Ba su da aiki a ɗakin kwana. In gidan matan kulle ne, Hajiya ta yi magana daga bayan ƙofa, ta kira maigida a waya ko ta sa babban yaro ya zagaya da su, ba abin faɗa ba ne. Amma kulle ƙofa a ce ba kowa, alhali ruwan wanka yana fitowa ta ƙarƙashin katanga har tsakiyar hanya, wannan ba wayo ba ne. Sun gani tun daga waje.

Ai shara aikin HYSACAM ne, me ya sa ake damun mu?

HYSACAM kamfani ne, tun 1969 yake, kwangila yake yi da birni ya kwashe shara daga manyan hanyoyi da kwandunan da ya ajiye. Motarsa ba ta shiga lungun da ko amalanke sai an karkata shi. Daga ƙofar gidanka zuwa kwandon, naka ne. Ku je ku tsaya bakin kwandon da safe ku ga abin da ke faruwa: an aiko yaro ɗan shekara shida da bokitin da ya fi ƙarfinsa, hannunsa bai kai bakin kwandon ba, sai ya juye a ƙasa ya ruga. Na bayansa ya juye a kan nasa. Kafin azahar akuya ta baje, iska ta kai leda cikin kwata. Sannan uban yaron ya zo yana ce mini gari ya lalace.

Masu cewa suna biyan haraji, gaskiyarku. Tun 2019 ana cire wani ɗan kaso daga kayan da ake shigowa da su ƙasa don kuɗin kwashe shara. Kuɗin mota da mai ne wannan, ba na share ƙofar gidanka ba.

An ce an hana leda?

An hana siririyar nan, mai kauri mikiron 60 ko ƙasa da haka, tun Afrilun 2014. E, na san da ita aka ƙulla maka ƙosai yau da safe. Dokar tana nan.

Maƙwabcina ya haƙa masai kusa da rijiyata. Me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, don haka a yi haƙuri da tsawonta.

Farko, ɗauki igiya ka auna, kada ka auna da ido da ɓacin rai. Abin da ma'aikatan lafiya suka saba faɗa shi ne a bar aƙalla mita 15 tsakanin ramin masai da rijiya, ƙungiyoyin agaji kuma mita 30 suke nema. Sannan gindin ramin ya kasance sama da ruwan ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi. To amma lissafin nan da damina ake yin sa, ba da rani ba. Ramin da aka haƙa a watan Maris, ana zafin da ya wuce digiri 40, ƙasa a bushe ƙayau, shi ne a watan Agusta ruwa zai taso ya same shi. Unguwannin da ke gangaren Binuwai sun san wannan, balle waɗanda suka ga ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo.

Kuma mita ba ita kaɗai ce magana ba. In ƙasarku yashi ce, ƙazanta tana tafiya nesa, da sauri. In laka ce mai danƙo, tana iya tsayawa kusa. In masan yana ta tudu, rijiyarka tana ta gangare, ka fi shiga haɗari ko da tazarar ta cika. In akasin haka ne, da ɗan sauƙi, ban ce babu komai ba.

Ga inda abin yake da wuya. A tsofaffin unguwanni irin Hausare da Fulɓere, gidan gado an raba shi an sake rabawa, mita 15 daga rijiyarka tana iya faɗawa tsakar gidan mutum na uku. Maƙwabcin naka ina zai kai ramin? Shi ma dole ya yi masai, in bai yi ba abin da zai biyo baya ya fi muni. Shi ya sa ba na gaggawar ce wa kowa kai ne mai gaskiya. Wa ya riga wani, rijiyar ko masan? Akwai wani gefen da zai iya haƙawa ya ƙi? Duk ana dubawa.

Shawarata, ka bi ta hawa-hawa. Ka same shi da kanka, da dattijo ɗaya ko liman. In bai ji ba, a je wurin jauro ko lawan, wato masu unguwa. In abin ya gagara, ka rubuta ƙorafi zuwa meri, kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Ƙorafin baki iska ke ɗauka. Za su iya zuwa su duba, su ba shi wa'adin gyara ko rufewa, za su iya kuma cewa rijiyarka ce ba ta dace a sha ba. Ka shirya jin ko wanne. Akwai sashe na 261 na dokar laifuffuka, wanda ya tanadi ɗauri daga kwana 15 zuwa wata 6, ko tara daga sefa 5,000 zuwa miliyan ɗaya, ga mai gurɓata ruwan shan da wasu ke amfani da shi. Yana nan, amma sai ka kawo shaidar gwajin ruwa, sai ka nuna daga raminsa ne ba daga wani ba, kuma mutumin nan da shi za ka ci gaba da haɗa sahu. Ni ban cika tura mutane can ba.

Kafin duk wannan ya ƙare, ku daina shan ruwan ɗanye. A yi wanki da shi, na sha kuwa a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Juye kwalbar jabel, ruwan kulorin nan na wanki, a cikin rijiya ba ya raba ka da matsalar, tunda ƙazantar tana ci gaba da tsiyayowa ta ƙasa. Ka ɗaga bakin rijiyar, ka yi mata daɓen siminti da murfi, guga ɗaya a rataye, ba a yashe a ƙasa inda kaji ke bi ba. Kada kuma ka ce ai ruwan garau yake, ba wari. Ƙwayar kwalara ba ta canza launin ruwa.

In ka gama auna na maƙwabci, ka ja igiyar zuwa naka masan. Sau da yawa shi ya fi kusa.

Kwalara ba iska ce ke kawo ta ba?

Ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba mangwaro ba ne. Bayan gida ne ya kai baki, ta ruwa, ta hannu, ta abinci. Ta shigo Kamaru a 1971, kuma a 2010 ta kama fiye da mutum dubu 10, ta kashe sama da 600, akasarinsu a nan arewa. Waɗanda suka yi jinya a shekarar ba sa yi mini wannan tambayar.

Amma kada a firgita. Rashin ruwa a jiki ne ke kisa, kuma yana da magani. Da an ga gudawa kamar ruwan shinkafa, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi ana tafiya asibiti. Ana tafiya na ce, ba a jira gari ya waye ba. Lambar ma'aikatar lafiya 1510 kyauta ake kiranta. In Allah ya yi wa majinyacin rasuwa, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranci wankan gawa. Babu wanda zai hana sallah, hannun masu wanka ake karewa.

Ni mai tsire ne, me ya haɗa ni da takardar likita?

Hannunka yana shiga cikin mutum ɗari a dare ɗaya, shi ya haɗa ka. Haka mai fura, mai kunu, mai waina. Naman kuma ya fito daga mayanka, da hatimin likitan dabbobi a jikinsa. Wanda aka yanka a bayan gida don saniya ta kwanta ta kasa tashi, ka san dalilin da ya sa ya yi araha. Kuma robar nan ɗaya ta wanke hannu, da mutum ashirin suka tsoma a ciki har ruwan ya koma kalar yaji, a zubar da ita. Buta da sabulu, a zuba wa mutum.

Masai ya cika, ana ruwa da dare muka buɗe shi cikin kwata. Ai ruwa ya tafi da shi?

Ya tafi da shi gidan wa? Akwai mai rijiya a gangarenku, akwai yaran da za su yi wasa a ruwan da safe, akwai masu lambu a bakin kogi da za su ba latas ɗin da za ka saya. A kira motar zuƙe masai. In lungu ne mota ba ta shiga, a haƙa sabon rami, a rufe tsohon da ƙasa a bar shi shekara biyu kafin a taɓa. Wannan laifin in an kama ka, kada ka zo wurina roƙo.

Haya nake. Ni zan biya kuɗin kwashewa ko mai gida?

Duba takardar hayarku. In ba ku rubuta komai ba, ku zauna ku raba tun ramin bai kai baki ba. Mai duba-gari wanda ya tarar a gidan yake miƙa wa sammaci, sai ka kai wa mai gidan a ranar, a gaban shaida.